Ƙararrawar da Ta Ƙi Yin Shiru

Ba fanka ce ta gaya wa Mai Ɗinki an kawo wuta ba, Lauya ne. Tana cikin ɗauraye kofin shayi a kicin ta ji ya yi gyaran murya irin ta dattijon da ya san za a saurare shi, sannan ya ce, "An kawo. A jona firji."

"To, ranka ya daɗe," in ji ta, tana share hannu.

Lauya aku ne, toka-toka mai jar wutsiya, kuma sunan nan bai same shi a banza ba, don ba a taɓa yin musu da shi aka ci ba. Muryar da yake ba da umarni da ita kuwa ba tasa ba ce, ta Maigida ce, wanda ya rasu bara waccan. Maigida direban jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya, mutum ne da ko maɓallin riga zai ɓalle sai ya bi tsari. A gidansa in an ɗauke wuta ba a zama a yi tsaki kamar sauran jama'a. Tashi ake yi a bi ɗaki-ɗaki a zare duk abin da ke jone da bango, kada a dawo da ita da ƙarfi ta ƙona kaya, in an kawo kuma a sake bi a mayar. Shekara da shekaru aku yana jin wannan, har ya haddace shi tare da ɗan tarin da ke biyo baya. Da Maigida ya tafi sai aikin ba da umarni ya koma wurin Lauya, ita kuma ta ci gaba da bi. Ba tsoron ƙonewar firji ne ya dame ta ba. Muryar take so, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kanta hakan ba.

Jiya da la'asar aka yi ruwa da iska, wuta ta tafi. Feshi ya riƙa shigowa baranda inda kejin yake, sai ta kinkimo shi ta ɗora a kan ɗan teburin da ke lungun ƙofar shigowa, daidai ƙarƙashin allon ƙararrawar ɓarayi.

Ƙararrawar nan Auta ne ya sa aka haɗa mata, kuma da sharaɗi ta zo. Bayan rasuwar mahaifinsu, 'ya'yan sun haɗa baki cewa ba za a bar tsohuwa ita kaɗai a gida ba, Auta kuma, da yake shi ne a kusa, ya gyara mata ɗaki a gidansa har da sabon labule. Matarsa yarinya ce ta kirki, kirkin ma ya yi yawa, don in Mai Ɗinki ta je musu yini ko cokali ba a barin ta ta ɗaga. Wannan duk da sauƙi. Abin da ba shi da sauƙi shi ne 'yar Auta tana da asma, likita kuma ya ce kada a kuskura a ajiye mai gashin tsuntsu a gidan. Wato in ta koma can, Lauya ba zai bi ta ba. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan cewa za ta zauna a gidanta muddin ƙararrawa tana aiki, ranar da ta lalace kuwa ta haɗa kaya ba gardama. Ta yarda da sauri, don a lokacin ko me aka ce mata za ta yarda.

Ta san halin abar. In an ɗauke wuta takan kunna 'yar fitila ruwan ɗorawa, ta riƙa yin ɗit-ɗit jefi-jefi kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa, da an kawo kuma ta yi shiru. Wannan karon wutar ta daɗe, abar ta kwana tana yi. To yanzu ga wuta ta dawo, ta bi ɗakuna ta mayar da firji da talabijin da rediyo, ta jona injin keken ɗinki don tana da rigunan makaranta da za a zo karɓa, amma da ta fito lungun ƙofa fitilar nan tana nan ruwan ɗorawa. Ta tsaya ta harare ta. Abar ta ce ɗit-ɗit.

Ba ta gama hararar ba wayarta ta yi ƙara. Auta ne, don duk abin da ƙararrawar ta ji a jikinta sai ta kai ƙara wayarsa, kamar yaron da ba a taɓawa. Ya gaishe ta, ya tambayi kwanan gida, sannan ya ce ya ga saƙo wai har yanzu wuta ba ta shiga na'urar, alhali ya ji an kawo a unguwarsu. Ta ce lafiya lau, ƙila abar ce ba ta gama farkawa ba. Tana faɗa tana ja da baya zuwa kicin, amma ɗit-ɗit ɗin ya riga ta shiga wayar.

Sai ya ce, "Mama, zan biyo in na tashi daga aiki. Kin dai tuna maganarmu."

"Na tuna. Ni na haife ka, ba kai ka haife ni ba."

Ya yi dariya, amma bai janye ba. Auta akanta ne, kuma ya gaji ubansa a wajen riƙe magana.

Ta fara da abin da kowa zai fara da shi, wato danne-danne. Ta danna lambobin sirri, abar ta yi shiru, har ta fara murmushi, sai ga shi ta dawo. Ta danna maɓallin da ke da hoton gida, ta danna mai hoton ƙararrawa, ta ɗan buga gefen allon da tafin hannu yadda ake yi wa tsohuwar rediyo. Lauya yana ƙasa yana kallon ta da ido ɗaya. Da ta ga abin ya fi ƙarfin duka, ta leƙa ta katanga ta kira Malama.

Malama maƙwabciyarta ce, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ta ajiye aiki amma ba ta ajiye muryar aiki ba. Ta shigo da tabarau a goshi da wani a rataye a wuya, ta karanta 'yan kalmomin da ke jikin allon da ƙarfi, ta bayyana cewa matsalar wuta ce. Mai Ɗinki ta ce ai wannan ko Lauya ya sani. Malama ba ta kula ba, ta ce a kira wanda ya haɗa.

Mai gyaran ya ɗauka daga can wani gari, iska na kaɗawa a wayarsa, ya ce yana kan rufin wani gida ne kuma ba zai dawo ba sai jibi. Mai Ɗinki ta ce jibi ta yi mata nisa, yau take so, kafin rana ta faɗi. Da ya ji muryarta bai tambayi dalili ba, ya ce to ta zama hannunsa, shi zai zama bakinta. Ya tura su wajen akwatin makunnan gida su duba ko akwai wanda ya faɗo. Malama ta hau kujera ta duba, duk suna sama. Ya tura su sito, inda ya kafa farin akwatin ƙarfe a saman bango, ya ce su duba ko 'yar koriyar fitilar da ke gefensa tana ci. Ba ta ci. Ya ce to wuta ba ta isa can, tun jiya a kan batir na'urar take rayuwa, shi ma ya kusa ƙarewa. Akwai wani baƙin abu kamar cajar waya amma ya fi ta girma, shi ke ba ta wuta, su nemo inda yake jone. Da suka tambaye shi ina ne, sai ya ce gaskiya gidajen da ya haɗa suna da yawa.

"Bi waya, Mama," in ji shi. "Duk inda ta je, bi ta."

Wannan kam ba sai an koya mata ba. Mace ce da ta yi rayuwarta tana bin zare a cikin kalmasa har ta gano inda ya tsinke. Ta ɗora yatsa a kan siririyar farar wayar da ta fito daga akwatin, ta bi ta saman ƙofar sito, ta gangaro da ita gefen bango, wayar ta shige bayan kabad ɗin kwanuka. Suka ture kabad, suka samu murfin tukunyar da ya ɓace tun Maigida yana da rai, da gizo-gizo da iyalansa. Wayar ta huda bango ta faɗa ɗakin ɗinki, ta nutse a bayan buhun ƙyallaye. Da Mai Ɗinki ta janye buhun, sai ta dafe baki.

Ga baƙin abin nan zaune lafiya lau a jikin doguwar soket mai baki da yawa, ita kuwa doguwar soket ɗin kanta yana yashe a ƙasa. Jiya da Lauya ya ce a zare, ita da hannunta ta zare shi daga bango. Yau da safe kuma, saboda saurin rigunan makaranta, sai ta cusa wayar injin keke kai tsaye a bangon, ta bar wancan a ƙasa. Malama ta sauko da tabarau daga goshi ta dube ta ta cikinsa, irin duban da ta saba yi wa mai makara. Mai Ɗinki ta ce kada ta fara.

Ta mayar da kan soket ɗin, suka ruga sito kamar yara, koriyar fitila tana ci. Suka dawo lungun ƙofa, ta danna lambobin sirri yadda mai gyara ya ce, ruwan ɗorawa ya mutu, kore ya kama. Gidan ya yi tsit. Mai gyara ya ce batir zai cika da kansa zuwa gobe, ya yi musu barka, ya koma kan rufinsa.

Daɗin da Mai Ɗinki ta ji a lokacin ba ƙarami ba ne. Ta dafa shayi a butar baƙi, ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai an yi babban baƙo, suka baje a falo. Malama ta fara ba da labarin yadda aka yi gyaran, kuma a bakinta labarin ya ɗan canza, ya zama ita ce ta ce a duba bayan buhu. Mai Ɗinki ta ƙyale ta, don mai farin ciki ba ya rowar yabo. Ta kai kofi baki ke nan, daga lungun ƙofa aka ce ɗit-ɗit.

Suka dubi juna. Malama ta ce ƙila kunnensu ne ya saba. Suka kasa kunne, shayi yana hucewa, har sun fara sakin jiki, sai aka sake.

Allon dai kore ne shar, babu ruwan ɗorawa ko ɗigo. Suka tsaya a gabansa suna jira su kama shi yana yi, ya ƙi. Da sun juya baya sun kai falo, sai ya yi. Malama ta ce ta yi shekaru tana fama da irin wannan a aji, mai tsokana ba ya yi sai ka juya kana rubutu a allo.

Mai gyara, da aka sake kiran sa, ya ce to ƙila batir ɗin ne ya mutu gaba ɗaya saboda daɗewar da wuta ta yi, ko kuma fis ya ƙone. Su buɗe akwatin ƙarfen su ciro batir, su kai shago a ba su irinsa. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne akwatin yana da nasa tsaron. Mai Ɗinki ta kwance dunƙulen ƙusar da sukudireban keken ɗinki, tana ɗaga murfin, jiniyar da ke waje ta ɓarke da ihu. Karnukan layin suka amsa, mai shagon kan kwana ya fito da sanda, Lauya ya dage ya taya da nasa. Ta sauko daga kujera da gudun da ba ta san tana da sauransa ba, ta danna lambobi. Da aka yi shiru, Malama ta fita ƙofar gida ta sallami jama'a, ta ce gwaji ake yi, kowa ya koma bakin aikinsa.

Suka tafi shagon kayan wuta a tsohuwar motar Malama, wadda ba ta tashi sai an lallashe ta, batir yana kan cinyar Mai Ɗinki a naɗe da ƙyalle. Suka dawo da sabo da 'yan fis guda biyu. Ja ga ja, baƙi ga baƙi, in ji mai gyara, kuma ta yi shi tsaf kamar ɗinkin aljihu. Ta duba tsohon fis a hasken taga, siririn zaren cikinsa bai tsinke ba, amma ta canza shi duk da haka don kada a ce. Ta rufe akwati, ta ɗaure ƙusa, ta danna lambobi. Kore. Ba wadda ta yi maganar shayi wannan karon. Suka zauna a bakin kujera, hannu a gwiwa, kuma ba su daɗe suna jira ba.

"Mama," in ji mai gyara, muryarsa ta yi sanyi, "wannan sai na zo da kaina."

Rana ta riga ta karkata. Malama, wadda ta yi shekaru tana horon yara a kan ƙarya, ita ce ta kawo shawarar a toshe 'yan hujojin allon da auduga, a ƙure rediyo in Auta ya zo. Mai Ɗinki ba za ta ce shawarar ba ta burge ta ba, har ta kai hannu kan audugar. Sai ta tuna fuskar yaron ranar da aka haɗa na'urar, yadda ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, da yadda matarsa ta taɓa gaya mata a ɓoye cewa ba ya barci sai ya duba wayarsa ya ga gidan Mama a kulle. Ba mugunta ce ta sa shi kafa sharaɗin ba, tsoro ne, kuma ita ta ce ta yarda. Ta ajiye audugar, ta shiga ɗaki ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado.

Ba ta sa kaya da yawa ba, don hannunta ya yi nauyi. Ta fito da jakar ta ajiye a bakin ƙofa, ta tsaya gaban keji. Ta tambayi Malama, ba tare da ta dube ta ba, ko za ta iya riƙe Lauya. Ta ce yana son gyaɗa amma kada a cika masa, ba ya son a rufe shi da wuri, in an ɗauke wuta kuma zai yi magana, a amsa masa ko da "to" ne, don in ba a amsa ba yakan yi ta maimaitawa. Malama ta ce za ta riƙe shi, kyanwarta kuma za ta koyi zama a waje. Daga nan ta cire tabarau ta shiga goge shi, ta daɗe tana gogewa. Mai Ɗinki ta miƙa wa Lauya gyaɗa ta tsakanin ƙarafan keji. Baƙin ciki ya cika mata ƙirji, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka fitar da takalman Maigida daga bakin ƙofar nan. Shi kuwa ya karɓa da ƙafa ya ɓare abarsa hankali kwance.

Auta ya iso kafin rana ta faɗi, da ledar lemo a hannu da murmushi har kunne. Ya ce saƙon ƙarshe da ya shigo masa ya nuna komai ya daidaita, ya zo ne ya yi mata jinjina, ashe Mama injiniya ce ba a sani ba. Sai idonsa ya faɗa kan jakar. Kafin ya tambaya, aka ce ɗit-ɗit.

Ta gaya masa komai, har da soket ɗin da ta bari a ƙasa, har da jiniya da mai sanda. Murmushinsa ya tafi. Ya ce na'urar da ke nuna kore tana kuka ta fi mai nuna ruwan ɗorawa haɗari, don ba ka san lokacin da take faɗin gaskiya ba. Ya naɗe hannun riga, ya ce zai kashe ta gaba ɗaya ya tashe ta daga farko, in ta sake yi to magana ta ƙare. Ya danna lambobi, ya zare baƙin abin daga soket, ya hau kujera a sito ya cire wa batir waya, allon ya mutu murus. Don kada ya bar ƙofa ko ɗaya, ya je ya sauke babban makunnin gidan. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya, gurnanin firji ya ɗauke.

A cikin shirun nan aka yi ɗan tari, aka yi gyaran murya.

"Sun ɗauke. A zare firji."

Auta, magidanci mai 'ya, da taye a wuya, ya juya ya nufi kicin ya zare firji. Sai da ya miƙe da wayar a hannu sannan ya gane abin da ya yi. Ya dawo a hankali ya tsaya a bakin lungun. Rabon da ya ji muryar nan tun a asibiti. Zuwansa gidan ba ya wuce na gaisuwa, bai taɓa dacewa da ɗaukewar wuta ba, Lauya kuma ba ya wannan maganar sai an ɗauke. Ita kuwa ba ta taɓa gaya wa 'ya'yan ba, don kada su ce kaɗaici ya sa tsohuwa hira da tsuntsu, su ƙara samun hujja.

Sai ga shi, ƙarƙashin mataccen allon da ba wuta ba batir, an ce ɗit-ɗit.

Malama ce ta fara gani. Ta sa tabarau, ta sunkuya, ta nuna da yatsa. Bakin Lauya a rufe yake ruf, amma gashin maƙogwaronsa yana motsi. Ya karkata kai, ya dube su da ido ɗaya, ya sake yi, daidai da na na'urar ba ragi ba ƙari. Kwana guda ya yi a ƙarƙashin malaminsa, kuma Lauya ba ya buƙatar a maimaita masa darasi.

Dariyar Malama ce ta fara fashewa, har ta zame ta zauna a kan jakar. Auta ya jingina da bango yana riƙe ciki. Mai Ɗinki ta riƙe ƙugu ta tsaya a kan keji.

"Kai ne? Tun rana kai ne? Ka sa na hau kujera, ka sa na tara unguwa, ka sa na haɗa kaya, kana zaune kana cin gyaɗata?"

Lauya ya ce ɗit-ɗit.

Da dariya ta lafa, Auta ya share ido ya ce bari ya mayar da komai kafin duhu ya yi. Lungun ya riga ya dushe, sai ya kunna tocilan wayarsa, hasken ya gilma ta kan keji. Aku ya gyara tsayuwa a kan sandarsa.

"Auta, haska min nan. Ba fuskata ba, nan."

Haka Maigida yake cewa duk ranar da wuta ta tafi, yana tsugune a bayan firji, ɗansa na ƙarshe yana tsaye a kansa da tocila yana haska ko'ina ban da inda ake so. Mai Ɗinki kanta ba ta taɓa jin wannan daga bakin Lauya ba, don ita ba ta kunna tocila, ta san gidanta a duhu. Ta dubi ɗanta. Ya saukar da hasken ƙasa, daidai gindin teburin.

"Na haska, Baba," in ji shi, a hankali.

Malama ta tashi daga kan jakar ta ce ta bar wani abu a kan wuta, duk da kowa ya san tun hantsi tana nan.

Auta ya koma sito shi kaɗai, ya daɗe fiye da yadda mayar da waya biyu ke buƙata. Da ya fito ya ɗauki baƙin abin ya ba shi soket nasa shi kaɗai a bango, ya mayar da injin keke kan doguwar. Mai Ɗinki ta yanko jan ƙyalle ta ɗaure a wuyan wayar, ta ce wannan ko an ce a zare, ban da shi. Ya ɗaga babban makunni, fanka ta motsa, allon ya farka ya nuna kore.

"An kawo. A jona firji."

"To, ranka ya daɗe," in ji su, baki ya haɗu.

Ya je ya jona. Da ya dawo ya tsaya a kan jakar, ya dube ta, ya dubi kejin. Ya tambaye ta ko kullum haka yake yi in an ɗauke, ta ce kullum. Ya ce ita kuma kullum tana amsawa, ta ce wa zai ƙi amsa wa mai gida. Ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya ɗauki jakar, ya wuce da ita ɗakinta. Daga can ta ji yana buɗe kabad, yana tambaya a wane layi take jera zannuwa, kuma in an sake ɗauke wuta ta kira shi, ko yana ofis ne, ta ajiye wayar kusa da keji.

Ta ce za ta duba, in ba ta da aiki. Ta ɗauki ledar lemon ta nufi kicin, a bayanta aka ce ɗit-ɗit, ba ta ko waiwaya ba.